Waƙar da Muka Ɗauka ta Biki Ce

Motar kamfani nake tuƙawa a Riyad, wata doguwar bas fara da ta ga jiya ta ga yau. Aikina in kwashi masu shara da goge-goge daga masaukinmu na unguwar Suwaidi tun da sassafe, in kai su dogayen benayen unguwar Ulaya, in dawo da su da yamma sun yi laushi kamar tsumman da suka yini suna matsewa. Ni mutumin ƙasar Maraɗi ne, kuma Allah bai yi ni da son hayaniya a mota ba. Rediyo ma sai na ga dama nake kunnawa. Duk wanda ke shiga motata ya san haka, ko da yake sanin bai taɓa hana kowa surutu ba.

Yawancin waɗanda nake ɗauka 'yan gida ne, Hausawan Maraɗi da na Damagaram, sai 'yan Bangaladash kaɗan, sai wani dattijo guda daga kudancin Indiya, ƙasar Tamil. Baba muke ce masa. Shi kuma "tambi" yake ce mini, wai ƙane ke nan da harshensu. Baƙi ne wuluk kamar mu, siriri, kansa ya yi fari fat. Kafin in san shi na ɗauka duk mutumin Indiya fari ne mai dogon hanci irin na fim. Ya haura shekara ashirin a ƙasar nan yana goge gilashi da wanke ban-ɗaki. Ba ya salla tare da mu, addinin iyayensa yake yi, shiru, ba ya takura wa kowa. Ɗakinmu ɗaya da shi, gadona a sama nasa a ƙasa, kuma da Larabcin titi muke magana, irin wanda ba shi da kai ba shi da gindi, amma ya ishe mu.

Kowace safiya, da mun hau babban titi, sai Baba ya ciro waya daga aljihun rigar aiki, ya kanga ta a kunne, ya juya fuska wajen taga. A kujerar can baya yake zama a lokacin. Ba mai kula shi, kowa da wayarsa da damuwarsa. Ni dai ta madubi nake hango bakinsa yana motsi, na ɗauka addu'arsu ce yake yi. Ban san matarsa yake kira ba. Ban san ciwon mantuwa ya kama ta ba, har ta daina gane muryarsa idan yana magana, sai idan ya rera mata wata waƙa guda. Duk wannan sai bayan mun yi masa ɓarna na sani.

Ran da abin ya faru, cunkoso ne ya tsayar da mu, wasu motoci sun yi karo a gaba. Kowa ya miƙa wuya yana leƙe, surutu ya lafa, sai muryar Baba ta fito fili. A hankali yake rerawa, yana jan kowace gaɓa. Akwai wani ɗan Damagaram a cikinmu, wanzami ne a gida, nan kuwa tsumma da bokiti ne sana'arsa. Mutum ne mai ban dariya, bakinsa ba ya rufuwa ko a jana'iza. Shi ya fara kasa kunne, sai ya daka tsalle.

"Kai, jama'a, ku ji Baba! Wallahi waƙarmu ce yake yi!"

Gaskiyarsa kuwa. Karin waƙar nan kowannenmu ya san shi. Wata waƙar fim ce ta Hausa da ta cika gari a shekarun baya, ba a yin biki a Maraɗi ko Damagaram ba a sa ta ba, har yaran goye sun haddace. Baba dai ya rage mata gudu ne kawai, amma ita ce, ba ko tantama. Wanzami ya jawo kular abincinsa ya mai da ita ganga, ya saki murya da baitin Hausa, na amarya da lalle. Kafin ka ce kwabo mota ta ɗauka. 'Yan Bangaladash na tafi, wani na guɗa kamar mace, ni kaina mai ƙin hayaniya ina buga sitiyari. Mu a ganinmu karrama shi muke yi, dattijo ya zo da abin gida. Yana ɗaga mana hannu yana kaɗawa, muka ɗauka cewa yake mu ƙara.

Sai muka ji ihun mace daga cikin wayar. Siririn ihu ne, amma ya ratsa kiɗan nan duka. Baba ya miƙe tsaye yana maimaita wata kalma guda da ƙarfi, yana maimaitawa, har wayar ta mutu. Ya koma ya zauna, ya aza ta a gwiwa yana kallo. Bai zagi kowa ba. Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya yana kira kullum, 'yarsa ce ke ɗauka, su yi magana kaɗan, ya kashe. Abinci ya daina shiga masa. Wanzami ya je ya durƙusa gaban gadonsa yana "malish, Baba, malish," wato a yi haƙuri. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce "ma fi mushkila," wato ba komai. Amma kowa ya ga akwai komai.

Ranar Juma'a ba aiki. Na dawo daga masallaci na tarar da shi a ɗan madafin da muke rabawa, yana dafa romon tsamiya da barkono irin nasu, yana juyawa ba tare da ya san yana juyawa ba. Na jingina da ƙofa na ce, "Baba, rashin sani ya fi dare duhu. Gaya mini abin da muka ɓata."

Ya kashe risho ya gaya mini. Matarsa ba ta kai shekarun gigin tsufa ba, amma abin ya zo mata da wuri. Da farko gishiri take mantawa ta sa sau biyu, daga baya ta manta hanyar rijiya, sannan sunayen jikoki. Hoto a waya ba ya yi mata, in ta ga fuska sai ta kau da kai. Murya ma in yana magana sai ta miƙa wa 'yarta ta ce wani ne ke nema. Amma da ya fara waƙar nan sai ta yi shiru, ta kama masa ƙarshen baiti, daga nan ta san da wa take magana, su yi hira kamar da, na ɗan lokaci. Ran da muka yi mata kiɗa, ta jefar da wayar ta shige ƙarƙashin gado. Tun ranar take cewa wasu mutane sun kama mijinta suna ihu a kansa, kuma ta ƙi yarda a kawo wayar kusa da ita.

Sai na ce abin wauta. Na ce amma ai waƙar biki ce, Baba, ya aka yi ta zama taku?

Ya goge hannu ya ɗauko wayarsa. Ya fara kunna mini wata sabuwar waƙar fim ɗin ƙasarsu, samari da 'yan mata cike da fili suna tsalle, ganguna kamar za su fasa wayar. Ya ce wannan ta zamanin jikokinsa ce, daga nan masu fim ɗinmu na Hausa suka ɗauka, ko daga wadda aka juya ta zuwa wani harshen Indiya, shi bai sani ba. Sannan ya kunna wata tsohuwa, hoto baƙi da fari, mace guda tsaye a bakin ƙofa, sarewa na bin muryarta. Karin nan ne dai, amma an ba shi numfashi. Ya ce wannan fim ɗin suka gani shekarar aurensu, a silimar tanti da ke yawo ƙauye-ƙauye, suna zaune a kan yashi, maza gefe mata gefe, yana satar kallonta ta saman igiyar da ta raba su.

Ya ce amma mai fim ɗin ma ba shi ya ƙirƙira ba. Karin na matan ƙauye ne, da shi suke sussukar shinkafa, taɓarya na faɗuwa a kan gaɓa. Kalmomin kuwa daga tsofaffin waƙoƙinsu aka tsamo su, waɗanda aka rubuta da tsinken ƙarfe a kan ganyen giginya tun zamanin da ba wanda ya san farkonsa. Kowane yaro na haddace kaɗan a makaranta, da bulala. Harshen ya tsufa, ya yi tauri, sai malami ya fassara. Mai rubuta wa fim waƙa sai ya ɗauki ma'anar ya sassauta ta, ya aza a kan karin sussuka, ya ba mai sarewa.

Na ce me waƙar ke cewa?

Ya ce mawaƙansu na da sun raba soyayya bisa ga ƙasa. In masoya sun haɗu, a kan dutse ake sa labarin. In sun yi faɗa, a gonakin fadama. Rabuwa kuwa tata ƙasar daban ce, busasshiya, ba ruwa ba inuwa, wadda namiji ke ƙetarawa in ya tafi neman dukiya. Ya ce a waƙoƙin nan kullum namiji ne ke tafiya, kullum mace ce a bakin ƙofa, tana ramewa har awarwaro ya riƙa zamewa daga hannunta, shi kuwa ya yi alkawarin dawowa da ruwan farko. Ya nuna taga da ludayi, inda rana ke dukan rufin makwabta, ya yi wata dariya marar daɗi.

"Muna yara muna tambayar malam, ina wannan ƙasa take? Ƙasarmu koriya ce. Ga ta nan, tambi. Na same ta."

Na daɗe ban ji magana ta taɓa ni haka ba, don labarin gidanmu ne ya ba ni da bakin wani. Ubana ɗan cin rani ne. Da an gama girbi sai ya ɗaure tabarma ya yi kudu, ba ma ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa, ya dawo shuka. Inna tana da waƙar da take yi a kan dutsen niƙa a watannin nan, ba ta ambaton sunansa, amma mun san da wa take. Bayan rasuwarta na taɓa jin karin waƙar a wani fim, an sa masa fiyano, wani saurayi mai gyaran gashi yana bin yarinya a cikin lambu. Ranar har na tashi na bar ɗakin kallo don haushi. Na gaya wa Baba haka, na ce ɓarayi ne duka, naku da namu.

Bai yarda ba. Ya ce shi namiji ne, ba ya sussuka, ba wanda ya koya masa waƙar mata. Da mai fim bai ɗauko ta daga bakin turmi ya kai silima ba, da yau ba shi da abin da zai rera wa matarsa. Ya ce abin da ya sani ke nan, sauran kuma malamai su yi gardama.

Washegari kafin in tayar da mota na tsaya a tsakiyarta na yi magana, da Hausa sannan da Larabcinmu. Na ce daga yau Baba zai dawo kujerar gaba kusa da ni. In ya ciro waya, wanda ya yi magana, ko ya kunna wani abu, ko ya yi dariya, zan tsaya in sauke shi ya ƙarasa Ulaya a ƙafa. Ba wanda ya yi musu. Wanzami ne ma ya zama ɗan sanda, da ido kawai yake tsawatarwa.

'Yar Baba ta yi dabara, ta riƙa ajiye wayar a kan taga tana buɗe murya, ba ta miƙa wa uwar. Baba na rerawa ga ɗakin da bai san ko akwai mai saurare ba. Haka muka yi ta yi, mota cike da maza kowa ya haɗiye harshensa, ba ka jin komai sai inji da muryar tsoho. Wata safiya muna gab da gadar sama, ya kai ƙarshen baiti ya ja numfashi, sai wata 'yar murya ta ƙarasa masa. Sitiyari ya kusa kuɓuce mini. Daga nan ta faɗi wata kalma. Baba ya gaya mini daga baya cewa ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar matanmu na da, abin da take cewa kawai shi ne "ka ji?" Ya amsa mata, hawaye na bin gemunsa. Ta madubi na ga wanzami ya cusa hula a baki.

Tun daga ranar Baba ya ƙudura tafiya gida. Ya ce yana so ya isa tana da sauran sanin sa, ya zauna gabanta ta gane shi ko sau ɗaya ne. Rabonsa da gida an daɗe, annobar da ta rufe duniya ta cinye masa hutu guda, na biyun kuma aka ce ya jira a sabunta kwangila. Ya je wajen mudir, wato manajan da ke riƙe da fasfo ɗinmu a ofis. Na raka shi don Larabcina ya ɗan fi nasa. Mudir bai ɗaga kai daga wayarsa ba ya ce bukra, wato gobe, in sha Allah. Wanda ya zauna ƙasar nan ya san wannan goben, ba ta da rana. Muka koma aka ce bayan azumi. Bayan azumi aka ce sabon bene ya shigo hannu, ba a samu wanda zai maye gurbinsa ba. Ana cewa doka ta canza, ma'aikaci na iya neman fita da kansa, kuma na yarda haka ne a rubuce. Amma in Baba ya fita ba da sallamar kamfani ba, haƙƙinsa na shekara da shekaru zai maƙale, da shi kuwa za a sayi maganin matar. Don haka ya riƙa zuwa yana tsayawa a bakin ofis, hannu a baya, kamar mai jiran sadaka.

Ita kuwa ciwo bai jira mudir ba. Ni da nake zaune kusa da shi na ji yadda abin ke tafiya, ko da ban san harshen ba. Da farko takan kama masa baiti da kalmominsa. Daga baya kalmomin suka fara zubewa, sai ta riƙa bin karin kawai da hanci. Sannan wata rana ya rera har ƙarshe ba ta amsa ba. Ya sake, shiru. 'Yar ta ce idonta biyu, tana kallon bango.

Baba ya yini ranar kamar wanda aka zare wa laka. Da yamma muna komowa ya ce mini ya gane. Ya ce abin da ya shiga kanta a baya shi ke fara fita. Fim ɗin ya fita. Saura abin da ke ƙarƙashinsa, wanda ta ji tun tana goye a bayan uwarta. Ya riƙa ƙoƙarin tuno yadda tasa uwar ke yi a bakin turmi, kafin mai fim ya gyara. Ashe ba daidai suke ba. Na asalin ya fi kaushi, yana da wata tsayawa a tsakiya, inda mace ke ɗaga taɓarya ta yi nishi. Kwana da kwanaki yana nema, yana tafe da tsumma yana gunguni, yana daka ƙafa a ƙasa. Da safen da ya gwada, ya riƙa buga tafin hannu a gwiwarsa a madadin taɓarya, ba kalma ko ɗaya. Sai ga "ka ji?" ta fito, a raunane. Ya juyo ya dube ni. Ban ga murna a fuskarsa ba, tsoro na gani, don ya san bayan wannan babu sauran wata waƙa a ƙasa.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watannin nan na riƙa kiran gida fiye da yadda na saba, har matata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ƙaramar 'yata, wadda na bari tana rarrafe, aka ba ta waya ta ce ina wuni, da irin ladabin da ake yi wa baƙo.

Sallamar Baba ta fito bayan aikin hajji, fita ta har abada, ba dawowa. Juma'ar ƙarshe wanzami ya zo da wani ƙunshi daga kanti, ya ce sai ya yi masa aski, ya kuma rina masa kai. Baba ya ƙi, wanzami ya nace.

"Haba Baba, da wannan furfura za ka je mata? Ai mai baƙin kai ta sani. Zauna in mai da kai ango."

Ya zauna a kan bokiti a tsakar gida, aka yafa masa tawul. Wanzami ya yi aikinsa na gado da gaske, ya gyara gashin baki, ya shafa rini har bayan kunne. Da aka gama aka ba shi madubi. Kai ya yi baƙi ƙirin, fuska kuwa tana nan yadda take, duk ramuka. Muka ce ya yi kyau. Shi ma ya ce ya yi kyau.

Ni na kai shi filin jirgin Sarki Khalid a ƙaramar motar kamfani. Kayansa akwati guda ne da kwali ɗaure da igiya, dabino da sabulu da wani zane kore da ya saya mata. Hanyar arewa doguwa ce. A bakin ƙofar shiga ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Tambi, kai ma kada ka daɗe." Na ce to. Na tsaya har baƙin kansa ya ɓace cikin layi.

Aka ɗauki makonni ba labari. Kujerar gaba wani ɗan Bangaladash ya gaje ta, surutu ya dawo mota kamar da, na koma faɗa da mutane. Nakan ce a raina shiru alheri ne, yana can yana cin tuwon gida. Sai wata rana da azahar, ina zaune a inuwar mota a Ulaya ina jiran tashi, wayata ta yi ƙara. Muryarsa ce, amma ta dushe.

Ya ce ya isa lafiya. Ya ce da ya shiga gida tana zaune a kan tabarma, ta dube shi, ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce wa 'yarta ta kawo wa baƙo ruwa. Ya zauna gabanta ya faɗi ko shi wane ne, ta yi murmushin ladabi. Ya ba ta zanen, ta yi godiya. Sai ya fara karin nan, yana buga gwiwa. Ya ce tambi, ban taɓa ganin ta yi fushi irin na ranar ba. Ta ce, wa ya koya maka? Ta ce wannan ta mijina ce, yana ƙasar yashi, kada ka ƙara.

Na ce inna lillahi.

Ya ce sai ya zagaya ta bayan gidan, wajen garken makwabci, ya kira wayar 'yarsa, aka ajiye a taga kamar da. Ya rera. Ta saurara, ta saurara, sannan ta ce ba shi ba ne. 'Yar ta tambaye ta don me. Ta ce shi a mota yake kira. Ta ce ina motar?

Ina jin kukan saniya a bayansa. Sannan ya ce yana roƙon alfarma. Ya ce in ɗaukar masa ƙarar motarmu a waya, tun daga Suwaidi har Ulaya, in aiko masa.

Da safe na gaya wa jama'a. Ɗan Bangaladash ya tashi da kansa ya koma baya, na aza wayata a kan kujerar na danna ɗaukar sauti, na tayar da inji. Muka yi tafiyar nan kamar masu rakiyar gawa. Na bi hanyar da muka saba, na taka burki inda na saba takawa, ban kauce wa ramin da ke gaban gidan mai ba. Wajen gadar sama tari ya kuɓuce wa wanzami, ya riƙa ba da haƙuri da hannu. Da na aika na gaya wa Baba akwai tari a ciki, in yana so mu sake gobe. Ya ce a bar shi, ta san tarin nan.

Bayan kwana biyu ya kira. Ya ce ya ari wayar makwabci, ya kunna ƙarar motar a gefe, ya tsuguna a bayan garke ya rera a tasa. Ya ce ta amsa. Ta ce "ka ji?" kuma sun yi hira, mafi tsawo tun da ciwon ya tsananta.

Na ce alhamdu lillahi, Baba. Me ta ce?

Ya ce ta tambaye shi ko yana cin abinci, ko zafi ya yi sauƙi. Ta ce ya yi haƙuri da aiki, kada ya damu da ita. Ta ce akwai wani dattijo da ya sauka a gidan, shi ke ɗebo ruwa, shi ke ba ta magani, har ƙafa yake matsa mata in ta kumbura, mutumin kirki ne ƙwarai.

"Ta ce amma ya daɗe, tambi. Ta ce in na dawo in sallame shi."